Hanjin Matar Mai Magani

Duk wanda ya ci kasuwar Birnin Gwari a shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ya san muryar Mainasara, ko da bai san fuskarsa ba. Lasifika yake ɗaurewa a kan babur, ya shimfiɗa buhu, ya jera kwalabe, ya fara lissafo cututtuka: shawara, basir, macijin ciki, ƙabar ciki, har da cikin da ke kuka a gaban surukai. Ya ce babu cikin da ya taɓa gagararsa. Ya ce kwana yake yi a tsakiyar daji, inda ko mafarauta ba sa zuwa, aljanu suna nuna masa saiwa da yatsa.

Ni dai, da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a unguwar Magajin Gari, aljani ɗaya na sani mai nuna masa saiwa. Sunanta Kadijatu, kuma matarsa ce.

Sunana Martha, a lokacin ina koyarwa a firamare. Kullum in zan fita da safe sai in gamu da Kadijatu da gatari da buhu ta nufi daji. In na taso sai in tarar ta dawo da ɓawon maɗaci da saiwar tafashiya, ta baza su a rana, ta hau daka. Ita ke dafawa, ita ke tacewa, ita ke ɗurawa a kwalba. Aikin Mainasara a wannan sana'a shi ne murya, sai kuma sa hula.

Ciwon ya fara mata da damina. Gudawa ce da murɗar ciki, ta tafi ta dawo. Mainasara ya ɗaga fatar idonta, ya saki.

Ya ce, "Shawara ce. Ɗebi na baƙar tukunyar nan ki sha."

Ta sha. Gudawa ta ƙaru. Ya ce alama ce mai kyau, ciwo ne ke fita. Da ciwon ya yi ta fita bai ƙare ba, sai ya sake duba idon ya ce ashe basir ne. Bayan nan ya zama macijin ciki. Na lura da wani abu: duk maganin da ya yi kwantai a kasuwa, ciwonsa ne ke kama Kadijatu a makon. Wata rana ya haɗa mata wankin ciki, ita da ko ruwan koko ba ya zama a cikinta.

Aiki kuwa bai tsaya ba. Ta kan daka kaɗan, ta jingina taɓarya, ta ruga bayan gida, ta dawo ta ɗauka. 'Yarta Hansatu, wadda ke ajina, ta fara zuwa makaranta da kitso a tsefe. Awarwaron da ke hannun Kadijatu ya daina tsayawa a wuyan hannu, in ta ɗaga taɓarya sai ya zame har gwiwar hannu. Ƙafafunta suka kumbura, kan yatsunta suka yi kauri kamar makaɗin ganga.

Na leƙa ta katanga wata rana na ce, "Maman Hansatu, wannan ramar ta isa. Ki zo mu je asibiti."

Ta yi dariya a hankali. "Malama, matar wa za a gani a layin asibiti?"

Na sami Mainasara a zaure yana goge babur. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Malama, ke da kike da ilimi. In aka ga ɗanki ya kasa karanta baƙi, wa zai ƙara kawo miki nasa?"

"Ai sai in kai shi wurin wanda zai iya, Malam."

"To ni na iya. Ciwon ne mai taurin kai, irin na mutanen garinsu Tabanni. Ita ma haka take."

Abin da maganata ta jawo ke nan: a ranar ya sa mata kulle. Shekara da shekaru Kadijatu na ratsa daji ita kaɗai, tana gamuwa da makiyaya da masu saran itace, kishin Mainasara bai taɓa motsi ba. Sai da ƙashin wuyanta ya fito, mutane suka fara tambaya a bakin rijiya, sannan ya tuna addini bai yarda mace ta riƙa fita ba. Ya koma sayen ɓawo a hannun masu itace, su sauke a ƙofar gida. Dakan dai yana nan a hannunta, don shi daka ba ya karya kulle.

Uwarsa, Inna, tana zaune a gidan, kuma tana da nata bayanin. Ranar da na shiga da kunun gyaɗa ta tare ni a tsakar gida.

Ta ce, "Yaran yanzu ba sa jimrewa. Ni da gudawa na yi goyon Mainasara, ban kwanta ba. Ita wannan kwaɗayi ne ya ja mata, ta ci wani abu a gidan biki."

Na ce, "Inna, rabonta da gidan biki tun bara."

"To ai shi sammu ba ya gaggawa."

Na shiga ɗakin. Kadijatu na kwance a tabarma, ta haɗe gwiwa da ƙirji. Ta kurɓi kunun sau biyu ta ture.

Ta ce, "Ina jin abin da hannuna. Taɓa nan."

Na taɓa ƙasan cibiyarta. Wani abu ne mai tauri a ciki kamar ɗanyen gwaza.

"Malam ya taɓa?"

"Ya ce kan macijin ne."

Ran Asabar na hau bayan babur na tafi Tabanni, wurin yayanta Isiyaku. Manomi ne, ba shi da yawan magana. Na tarar da shi yana yankan dawa. Na faɗa masa abin da na gani, ya tsaya da lauje a hannu, ya ce ai duk lokacin da ya aika gaisuwa ana ce masa ta ji sauƙi. Washegari ya iso. Da ya ga ƙanwarsa, sai ya fita zaure ya zauna, ya ce a kira maigidan.

Mainasara ya zo da fara'arsa da goronsa. Ya ce ai yanzu ne ma maganin ya fara kama ta. Ya ce asibiti yanka mutane suke yi kamar mahauta. Ya ce motar Zariya za ta girgiza macijin ya fusata. Ya ce kuma kaka ce, wa zai bar gida. Isiyaku ya bar shi ya gama duka.

Ya ce, "Malam, gobe zan tafi da ita. In ka so ta fita ta ƙofa, in ba ka so ba in fasa katanga."

Aka daidaita a kan sharaɗi biyu. Na farko, a ce wa mutane ganin gida ta tafi Tabanni. Na biyu, ta hau mota a bayan gari, ba a tasha ba. Da Mainasara ya ga da gaske tafiyar za a yi, sai ya ce shi ma zai bi, don ya ga inda likitoci za su yi kuskure ya gyara musu. Ya ɗauko jakar kwalabensa. Ni kuma na nemi izini a makaranta, don ba a kai mace asibiti ba mace a gefenta.

A babban asibitin da muka je a Zariya, kafin mu ga likita Mainasara ya riga ya sayar da rabin jakar a kan benci. Yakan matsa kusa da mutum ya tambaye shi me ke damunsa, ya girgiza kai, ya ce wannan ai ba na asibiti ba ne. Matarsa na jingine da kafaɗata, ko zama ba ta iya yi sosai. Wani dattijo ya nuna ta ya ce, "Ita wannan baiwar Allah fa, ba ka ba ta ba?" Mainasara ya ce, "Ƙanwar wancan ce," ya nuna Isiyaku. Bai yi ƙarya ba.

Aka ba ta gado. Aka ɗebi jini, aka duba bayan gida, aka ba ta wani farin ruwa kamar kunun alli ta sha aka ɗauki hoton ciki. Likitan da ke duba ta, Likita Abarshi, siririn mutum ne mai tabarau, yana magana kamar wanda ba ya son ta da mai barci. Ya tara mu a bakin gadon ya ce hoton ya nuna akwai matsala a hanji, amma inuwa kawai ya nuna, bai nuna mece ce ba.

Ya ce, "Akwai wata na'ura da ba mu daɗe da samu ba. Tiyo ne baƙi, kaurinsa kamar yatsa, da fitila a bakinsa. Za ta haɗiye shi, ya bi ta tumbi ya kai farkon hanji. Ni kuma in sa ido a ɗaya bakin in ga wurin kamar yadda nake ganinku. In na ga abin da ban yarda da shi ba, in tsinko ɗan kaɗan a auna. Ba yanka, ba ɗinki."

Mainasara ya gyara hula. "Wato kai, namiji, ka leƙa cikin matata."

"Cikin hanjinta, Malam."

"Ni da na biya sadaki ban taɓa ganin wurin ba."

Wata nas da ke gyara ƙarin ruwa ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Likita bai yi dariya ba.

Mainasara ya ci gaba. Ya ce fitila za ta ƙona mata hanji. Ya ce abin da Allah Ya rufe da fata bai ce a haska shi ba. Ya ce shi da ido kawai yake duba fatar ido ya gane ciwo, bai taɓa bukatar tocila ba.

Likita ya ce, "Me ka gano?"

"Macijin ciki."

"To in maciji ne ai zan gan shi, in faɗa maka tsawonsa." Sai ya juya ga gadon. "Baiwar Allah, cikin naki ne. Me kika ce?"

Ina jin tun da ciwon ya fara ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta dubi yayanta, ta dubi bango. Ba ta dubi mijin ba.

Ta ce, "A leƙa. Kowa ya faɗi abin da ke cikina, Malam ya faɗa, Inna ta faɗa, ba wanda ya gani. A leƙa."

Mainasara ya ce ba da yawunsa ba. Ya fita baranda, inda ya ga sabon layi ya taru.

Washegari da safe, ba ta ci komai ba, aka tura ta wani ƙaramin ɗaki. Ta riƙe zanina ta ƙi saki, sai likita ya ce in shigo. Aka fesa mata wani abu a maƙogwaro, aka yi mata allura jikinta ya saki, aka kwantar da ita a gefen hagu da wata roba tsakanin haƙora. Da tiyon ya kai maƙoshi ta yi yunƙurin amai, idonta ya kawo ruwa, ta matse mini hannu har na ji ƙashi. Likita ya ce, "Haɗiye, kamar loma." Ta haɗiye. Daga nan tiyon ya yi ta shiga, ni ina mamakin inda yake zuwa a jikin da bai fi tsintsiya ba.

Likita ya manna ido a bakin na'urar, yana murɗa wasu ƙananan ƙafafu da yatsa. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce da ni, "Malama, kina da ƙarfin zuciya? Zo ki gani, don in na faɗa a sami mai shaida."

Na sa ido. Wani rami ne jajaye, jiƙe, yana motsi a hankali kamar yana numfashi. Ya ce nan lafiyayyen wuri ne, in dubi yadda yake sumul, da ninki a jere. Ya tura gaba kaɗan. Sai wurin ya canza. Ninkin ya yi kauri ya cure, ko'ina ƙulu-ƙulu fari-fari kamar bayan kwaɗo, a tsakiya kuma ga wani gyambo mai baki a ɗage. Hanyar ta tsuke, da ƙyar ta fi ramin gara.

Na ce, "Ina macijin?"

Ya ce, "Babu maciji."

Ya zura wata siririyar waya mai ɗan baki kamar hantsaki ta cikin tiyon, ya tsinko nama kamar ƙwayar gero, ya sake, ya sake, nas na karɓa a 'yar kwalba. Sannan ya ɗaura kyamara a inda ake sa ido ya ɗauki hotuna.

Da ta farfaɗo, muryarta a shaƙe, abin da ta fara tambaya shi ne, "Kin gani?"

"Na gani."

"Akwai abu?"

"Akwai."

Ta lumshe ido, sai na ga kamar murmushi. Ta ce, "To ba raki nake yi ba."

Sakamakon awon ya ɗauki lokaci. Isiyaku ya koma ya ƙarasa yankan dawa ya dawo. Mainasara ya je ya ci kasuwar Randagi ya dawo da sabuwar jaka. Ranar da likita ya kira mu, ya zo da hoto guda a hannu, don Kadijatu ta roƙe shi tana son ta gani da idonta. Ta karɓa da hannu biyu. Wani jan da'ira ne a tsakiyar baƙi, da ƙulu-ƙulun nan a ciki.

Likita ya ce, "Kun san kaluluwa, wadda ke fitowa a hammata ko matsematsi in mutum ya ji ciwo? Akwai irinta ƙanana a jikin hanji. Nata ne suka lalace suke ta girma, sun hana abinci shiga jiki, suna neman toshe hanya. Ciwon daji ne. Da kun zo tun damina da na fi sakin fuska. Amma wannan irin yana jin magani. Allurai ne ta jijiya, a yi a huta, a yi a huta, wata da watanni. Za ta wahala, gashinta zai zube. Ban yi muku alkawari ba, amma na ga waɗanda suka tashi."

Fuskar Mainasara ta washe kamar an yi masa albishir.

Ya ce, "Daji? Ai sai ka ce daji tun farko. Likita, daji gidana ne. Dama na yi zargin haka, ban dai so in tsorata ta ba. Kuma kowa ya sani, daji ba ya son allura. Da ƙarfe ya taɓa shi sai ya watsu."

"Wa ya gaya maka?"

"Sana'ata ce."

"Ni ma tawa ce."

Isiyaku ya ce, "A yi allurar."

Aka fara. Ta yi amai, gashinta ya bi matashi. Amma bayan zagaye na biyu gudawar ta tsaya. Ranar da na zo dubiya daga Birnin Gwari na tarar da ita zaune tana cin tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, tana yi wa matar gadon kusa tsiyar minshari. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan cibiya. Gwazan nan ya koma kamar goro.

Ta ce, "Malama, ashe haka yunwa take da daɗi."

A gida kuwa abubuwa sun tsaya. Tukwane sun bushe, kwalabe sun ƙare. Inna ta gwada daka ta ce ƙugunta. Mainasara ya gwada dafawa da kansa, ya ƙona tukunya guda, ta biyun kuma wani direba ya sha ya kwana biyu bai tuƙa mota ba. Ga shi labari ya fara yawo cewa ba Tabanni matar take ba. Wani mai shayi ya tambaye shi a gaban jama'a ko Tabanni ta koma Zariya.

Sai ya shirya ya tafi, a ranar da ya tabbata Isiyaku na gona ni kuma ina aji. Abin da ya faru a can, daga bakinta na ji. Ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai, ya ce Hansatu ba lafiya, zazzaɓi ya kama ta, sunan uwarta kawai take kira. Likita ya ce kada ta tafi, in aka katse maganin ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ta ce za ta je ta gani ta dawo kafin ranar allura. Mainasara ya dangwala yatsa a takardar asibiti suka fito.

Da suka iso, Hansatu na ƙofar gida tana 'yar gala-gala da ƙawayenta.

Ya ce, "Ikon Allah. Jin kina hanya ne ya warkar da ita."

Ranar allura ta zo, ya ce babur ba lafiya. Mako na gaba ya ce ai ta warke, kowa na gani, me za a koma yi. Na gaba ya ce mafarki ya yi mara kyau a kan hanyar Funtuwa. Da Isiyaku ya zo da maganar fasa katanga, Mainasara bai yi gardama ba. Ya ce ga ƙofa nan a buɗe, amma in ta taka ta, ta tafi da takardar sakinta, Hansatu kuma 'yarsa ce, a gidan ubanta za ta zauna, uwar ba za ta ƙara ganinta ba.

Isiyaku ya ce, "Tashi mu tafi, Dije. Yarinya za ta girma ta neme ki."

Na ce, "Ga ni a maƙwabta, kullum tana gabana a aji."

Kadijatu na zaune a kan turmi, kanta ba gashi, ta ɗaura ɗankwali har gira. Ta dubi 'yar, wadda ta maƙale a bayan Inna.

Ta ce, "Yaya, likita bai yi alkawari ba. In na tafi na mutu a can, na rasa biyu. A nan ko ba komai ina ganinta."

Isiyaku ya yi, ya yi, ta ƙi. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce tsakanin miji da mata sai haƙuri. Da ma shi ma basir ɗinsa a hannun Mainasara yake.

Ta koma daka. Ƙarfin da allura ta ba ta, a turmi ya ƙare. Kafin ruwan farko gudawar ta dawo, gwazan ya dawo da 'yan'uwansa. Mainasara ya ce ga abin da yake faɗa, ƙarfe ya taɓa daji ya watsu. Ya shafa mata wani baƙin ƙullu a ciki, ya hana ta nama da mai da gishiri. Daga baya hanyar ta toshe gaba ɗaya, cikin ya kumbura kamar ganga, abin da ta sha duk ya dawo. Ta rasu wata ranar Laraba da hantsi, ina riƙe da kanta. Mainasara na kasuwar Randagi, don ya ce ciwon ba na yau ba ne, kasuwa kuwa sai mako.

Ya yi kuka a wurin zaman makoki, kuka mai kyau, da muryar nan tasa. Ya ce asibiti sun cuce shi.

Bayan sadakar arba'in na shiga kasuwa sayen manja, sai na ji lasifika, na ga taron da ya fi na kullum. Na kutsa. Mainasara na tsaye a kan buhu, ya ɗaga wani abu sama, an sa shi a leda an ɗaure da zare. Jan da'ira a tsakiyar baƙi. Ashe ya bincike kwallarta.

Yana cewa, "Ku matso ku ga abin da ke cikinku. Wannan hoton cikin mutum ne, daga babban asibiti, ba zane ba ne. Ka ga ƙulu-ƙulun nan? Kai mai jar hula, yana cikinka. Ke mai goyo, yana cikinki. Likitoci sun gani sun kasa. Kwalba ɗaya ke wanke shi."

Mutane na miƙa wuya, wasu na shafa cikinsu.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ce, "Jama'a, wannan hanjin matarsa ne, Kadijatu. Ina wurin aka ɗauka. Kwalaben nan ta sha har ta mutu."

Jama'a suka juya gare shi. Mainasara ya dube ni, ya sauke lasifikar, ya sake ɗagawa. Idonsa har ya kawo ruwa.

Ya ce, "Gaskiya Malama ta faɗa. Matata ce. Ina cikin yi mata magani aka ɗauke ta aka kai ta wurin masu allura. Da an bar mini ita, da yanzu tana gida. Shi ya sa na rantse ba zan bari a yi wa wani haka ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Mai jar hula ya ce a ba shi biyu.

Na miƙa hannu na fizge hoton, zaren ya tsinke. Ya biyo ni taku kaɗan, sai ya tuna ya bar kwalabe a gaban jama'a, ya koma. Ranar kafin la'asar ya sayar da komai. Bayan wata biyu ya yi sabon aure, ya samo mai ƙarfi daga Randagi, aka ci gaba da daka.

Ba wanda ya kira shi gaban alƙali. Da me za a kama shi? Bai doke ta ba, bai hana ta tuwo ba, maƙwabta ba su taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Magani ma ya ba ta, safe da yamma. A garinmu in aka lissafa mazajen kirki, har yau wasu na sa sunansa.

Hoton ya kwana a jakata. Washegari da aka tashi tara na kira Hansatu, na zaunar da ita a kan bencina. Na yi ta tunanin ko in ba ta ko in ƙona. Amma Kadijatu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko ranar aurenta, ko ranar suna. Duk duniya wannan ne kaɗai hotonta da ya rage mana.

Na ce, "Wannan na mamanki ne. Ki ɓoye, kada Baba ya gani."

Ta karɓa, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta duba bayansa.

Ta ce, "Malama, ina fuskar?"